Makwancin Jirgi a Gulbin Rima: Mashaya ko Tudu?

Gabatarwa

 

Idan aka ambaci Sakkwato, abin da ke fara zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne malamai da littattafai da dawaki da raƙuman fatake. Da wuya mutum ya tuna da jirgin ruwa. Amma duk wanda yake garin nan a watan Satumba na 2010, lokacin da ambaliya ta cinye gadar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya ga ranar jirgi. Malaman jami'a da ɗalibai da manoma da masu kai nono kasuwa duk sun taru a bakin ruwa wajen Kwalkwalawa suna jiran fito. Ni ma na tsaya cikinsu. Abin da na lura da shi a kwanakin nan shi ne, jiragen da suka yi wa jama'a aiki su ne waɗanda masu su suka san inda suka kwantar da su tun da rani. Akwai waɗanda aka jawo daga bayan gida da gaggawa, ana sa su a ruwa suka shiga sha ta ko'ina, dole aka mayar da su gefe.

Wannan maƙala za ta duba tambaya guda wadda ake ganin ƙarama ce: ina ya kamata jirgi ya kwana, a ruwa ko a tudu? Za mu ga yadda magabata suka amsa ta, da yadda madatsun ruwa da zuwan inji suka sauya amsar, da abin da ya kamata mai ƙaramin jirgi mai inji ya duba kafin ya zaɓar wa jirginsa makwanci. Na rubuta ta ne domin malaman makaranta, waɗanda da yawa daga cikin ɗalibansu ke ƙetare ruwa da damina, da kuma dattawan da suka ga abin da zan faɗa da idonsu.

Gulbin da Halinsa

Birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, yana kan tudu kusa da inda manyan gulabe biyu suka haɗu. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau da ƙasar Talatar Mafara. Gulbin Rima kuwa ya tattaro ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ya gangaro ta Gwaranyo da Wurno. Bayan sun haɗu sai su bi ta Wamakko da Silame da Argungu da Birnin Kabi, su karɓi ruwan Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sannan su faɗa Kwara.

Gulbin nan yana da fuska biyu. Ruwan sama a ƙasarmu yakan zuba ne a cikin wata huɗu kacal, daga Yuni zuwa Satumba. A cikin Agusta da Satumba gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, har mai tsaye a wannan gaɓa ya kasa gane wanda ke waccan. Daga nan ruwa ya shiga ja da baya. Hunturu ya zo da iska mai busar da komai, bazara ta biyo da zafin da yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu. Kafin a gina madatsun ruwa, a wurare da yawa gulbin yakan tsinke da rani, ya bar rairayi da gurabe masu zurfi nan da can, yara da jakuna su riƙa ƙetarewa da ƙafa.

Ke nan jirgi a ƙasar Sakkwato bai taɓa zama abin aikin shekara cur ba, sai ga masunta da ke bin gurabe. Yakan yi aiki wata huɗu ko biyar, ya huta sauran. A cikin wannan hutu ne jirgi ke mutuwa ko ya rayu, kuma nan ne hikimar ma'abota ruwa ta fi bayyana.

Kabawa da Sarkawa

Tarihin jirgi a wannan gulbi ya girmi birnin Sakkwato da ƙarnoni. A wajen 1516 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai, ya kafa daular Kabi, ya gina birninsa a Surame, wanda kufansa ke yamma da Sakkwato. Ana ba da labarin cewa Kanta yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa hamsin, wanda yake zaga ƙasarsa da shi idan ruwa ya cika. Labarin yana nuna mana cewa sarautar Kabi ta ɗauki gulbi a matsayin hanya, jirgi kuma a matsayin kayan mulki. Bayan da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, ruwa da fadama suna daga cikin abubuwan da suka taimaki Kabawan Argungu suka daɗe suna kare kansu.

Mutanen da suka riƙe sana'ar ruwa su ne Sarkawa, waɗanda masana ke danganta asalinsu da Sorko, masunta kuma matuƙan jiragen daular Sanwai. Daga gare su ne kalmar sarkanci ta samo asali. A garuruwan bakin gulbi akwai Sarkin Ruwa, wanda ke ba da izinin su, ya raba gardama tsakanin masunta, ya jagoranci ceto ko neman gawa idan ruwa ya ci mutum. A Argungu, inda ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934 ta zama mafarin bikin kamun kifi na zamani, har yau ba a faɗa wa ruwan Matan Fada sai ma'abota ruwa sun gama nasu aiki. A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin da ya shafi maganarmu a nan shi ne, mashayar da ake ɗaure jirage tana ƙarƙashin idon waɗannan mutane. Kowane jirgi an san mai shi, an san turkensa. Baƙo ba ya kafa turke sai ya gaida Sarkin Ruwa. Idan jirgi ya tsinke da dare ruwa ya tafi da shi, masuntan garin da ke ƙasa sukan kama shi su ɗaure, su aika a gaya wa mai shi. Wannan tsari ba a rubuce yake ba, amma ya yi aikin da mai gadi da rajista suke yi a yau.

Yadda Magabata ke Kwantar da Jirgi

Abin fito mafi sauƙi a gulbin nan shi ne gora, wadda masunci ke kifa ciki a kanta ya yi iyo da homarsa. Ita ba ta da wahalar ajiya, a rataye ta a ɗaki kurum. Sai kwami, wato jirgin da aka sassaƙa daga gungumen icce guda, kamar maɗaci ko maje ko rimi. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, sai jirgin katako ya yawaita, wanda kafinta ke haɗawa da ƙusa, ya cusa tsumma ko auduga a tsakanin allunan, ya bi da kwalta. Manyan jiragen katako na dakon kaya sun fi yawa a ƙasar Yawuri, inda ruwan Kwara ba ya yankewa.

Icce yana da hali guda wanda duk Basarke ya sani: idan ya sha ruwa sai ya kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke. Jirgin katako yana riƙe ruwa ne domin allunansa sun kumbura sun matse juna. In aka bar shi a rana da iskar hunturu, allunan sukan tsuke, tsumman da aka cusa ya zazzago, ƙusoshi su yi sako-sako. Kwami kuwa yakan tsage daga baki ko daga ƙarshe, tsaguwar ta bi tsawonsa.

Saboda haka, a cikin abin da na gani tun ina yaro da wanda dattawan bakin gulbi suka gaya mini, ajiyar jirgi iri uku ce. Da damina jirgi yana kwana a mashaya, ɗaure a turke, a wurin da igiyar ruwa ba ta bugu kai tsaye. Akan bar igiya da ɗan tsawo domin gulbi na iya tashi cikin dare, kuma jirgin da aka ɗaure tamau ruwa zai danne bakinsa ya nutsar da shi. Kowace safiya bayan ruwan sama yara kan je da ƙwarya su kwarfe abin da ya taru a ciki. Idan ruwa ya fara ja, akan riƙa matsar da turke ana bin sa, don kada a wayi gari jirgi na zaune a kan laka.

Da rani, wanda ke kusa da gurbi mai zurfi yakan nutsar da jirginsa da gangan, ya danne shi da duwatsu, ya bar shi a ƙarƙashin ruwa har damina ta kusa. Baƙo zai ɗauka an yasar da shi ne, alhali kuwa an ɓoye shi ne daga rana da gara. Wanda ba shi da gurbi kusa yakan jawo nasa ƙarƙashin inuwa, ya kife shi a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa gara ta hau, ya rufe shi da ciyawa ko tsohuwar zana, ya riƙa yayyafa masa ruwa. Kafin ruwan farko akan kira kafinta ya duba, a sake tsumma da kwalta, a sa jirgi a ruwa maras zurfi kwana biyu ko uku ya sha ya kumbura, kafin a yarda mutum ya shiga. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Zuwan Madatsun Ruwa da Inji

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari a cikin shekarun da na yi ina aikin gwamnati. Na farko shi ne madatsun ruwa. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. A ƙarƙashinta aka gina madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Sai madatsar Gwaranyo a kan Rima, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 942. Binciken da wani masani Bature, W. M. Adams, ya buga a 1985 ya nuna cewa bayan gina Bakalori malalar ruwa a fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya.

Ga mai jirgi kuwa, babban abin da ya sauya shi ne, tashin gulbi da saukarsa sun daina bin hadari da taurari kaɗai. Tsohon Basarke yakan dubi launin ruwa da kumfar da ke bisansa ya ce gobe gulbi zai kawo. Yanzu ruwa na iya ƙaruwa tsakiyar rani domin an buɗe ƙofa a Gwaranyo don masu noman rani da gidan ruwa, yana kuma iya raguwa domin an rufe. Gurbin da aka saba nutsar da jirgi a ciki rairayi ya cike shi, wani sabo ya buɗe inda ba a sani ba. A gefe guda, madatsun sun samar da manyan tafkuna inda jirgi ke aiki rani da damina, abin da kakanninmu ba su sani ba.

Na biyu shi ne inji. Da ƙananan injinan da ake maƙalawa a bayan jirgi suka shigo, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, sai jirgi ya zama abu biyu masu hali daban. Gangar jikin katako tana son ruwa da inuwa. Inji kuwa yana son bushewa da ɗaki mai makulli. Daga baya jiragen faiba da na alminiyom da na ƙarfe suka zo, galibi ta hannun ma'aikatun gwamnati da hukumomin agaji, kowannensu da irin ajiyar da yake so. Ilimin Sarkawa bai san faiba ba, ilimin ofis kuma bai san gulbi ba. A tsakanin nan dukiya mai yawa ta salwanta.

Kuskuren da Na Yi

Ba zan ɗora wa kowa laifin da ni ma na aikata ba. A farkon shekarun 1990 an ba ofishin da nake aiki wani jirgin katako mai inji, domin kai ma'aikata ƙauyukan da ruwa ke yankewa da damina. Ni aka ɗora wa kula da shi. Da ruwa ya ja, sai tsoron ɓarayi ya kama ni, domin sunana ne a takardar karɓa. Na nemo mota da majiya ƙarfi domin a kai shi harabar ofis, inda akwai shinge da mai gadi.

Wani dattijo Basarke da ke lura da mashayar ya tsaya yana kallonmu. Na ce masa, "Baba, za mu kai shi inda za a tsare shi." Ya ce, "Malam, wanga jirgi icce na. Injin ka ɗauka ka kai ɗaka, shi ad da ɓarawo. Jirgin bar min shi nan, in ka aje shi ga rana ka kashe shi." Na yi masa godiya, amma ban ji ba. A ganina a lokacin, kayan gwamnati ba ya kwana a hannun wanda ba ya cikin littafin albashi.

Jirgin ya yi wata bakwai a kan gangunan ƙarfe a tsakiyar fili, da injinsa a maƙale, da sauran fetur a ciki. Da damina ta kama muka mayar da shi gulbi. Ana iya zura yatsa a tsakanin allunansa, injin kuma ya ƙi tashi domin man da ya bushe ya toshe kafireta. Kafin a rubuta takarda a amince da kuɗin gyara, Agusta ta wuce. A wannan damina ma'aikatanmu ba su kai ga ƙauyukan ƙetare ba sai a jirgin haya, kuma jirgin dattijon nan ne. Bai taɓa tuna mini da maganar ba. Jirgin ofis bai ɓace ba, ba a sace ko ƙusa ɗaya ba, lissafin kaya ya cika daidai, amma aikin da aka saye shi dominsa bai yiwu ba.

Yadda Ake Yi a Wasu Ƙasashe

A ƙasashen Turai da Amurka akwai tashoshin ƙananan jirage da ake kira marina, inda mai jirgi ke biyan haya a ba shi gurbi a kan ruwa, da gadar katako ta shiga, da mai gadi, da wurin shan mai. Akwai kuma rumbunan ajiya a tudu, inda ake ɗaga ƙananan jirage da na'ura a jera su hawa-hawa kamar kaya a kanta, a sauko wa mutum da nasa ranar da yake so. A ƙasashe masu sanyi sukan fitar da jirage kafin hunturu domin ƙanƙara na iya matse jirgi ta fasa shi. A Najeriya, irin wannan tsari ya fi kafuwa a Legas, inda ƙungiyar masu jiragen Lagos Yacht Club ta samu tun 1932.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya ga cewa zaɓin da ke gaban Bature mai jirgi shi ne wanda ke gaban Basarke tun zamanin Kanta. Ajiya a ruwa tana sa jirgi kusa da aiki, amma tana bar shi ga igiyar ruwa da gansakuka da ɓarawo. Ajiya a tudu tana kare shi daga waɗannan, amma tana nisanta shi da aiki, tana kuma miƙa shi ga yanayi. Abin da ke kashe nasu ƙanƙara ce da gishirin teku. Namu kuwa rana ce da iskar hunturu da gara.

Abin da Mai Jirgi Zai Duba

Wanda ya mallaki ƙaramin jirgi mai inji a ƙasar Sakkwato, ko mutum ɗaya ne ko ƙungiyar manoma ko ƙaramar hukuma, ya kamata ya fara da tambayar da me aka yi jirgin. Idan katako ne, makwancinsa ruwa ne ko inuwa mai laima, kamar yadda magabata suka yi. Idan faiba ne, ruwa bai zama dole gare shi ba, daɗewa a ciki ma kan sa fatarsa ta yi ƙuraje. Amma rana na cin launinsa ta sa shi ya yi gautsi, don haka yana bukatar rumfa. A ɗora shi a kan tirela ko katakai masu tallafe shi daidai, a ɗaga gabansa, a cire toshiyar baya domin ruwan sama ya zurare. Jirgin alminiyom ba ya jin rana, yana da sauƙin ɗauka, amma sauƙin nan ne ke sa ɓarayin ƙarafa su so shi. Na ƙarfe kuwa tsatsa ce abokiyar gabarsa, musamman daidai inda ruwa ke tsayawa a jikinsa, sai an riƙa fito da shi ana kankarewa ana shafa fenti.

Abu na biyu shi ne yawan aiki. Jirgin da ke fito kullum, ko ke kai mutane kasuwa kowane mako, wurinsa mashaya. Wanda aka tanada don ceto idan an yi ambaliya wurinsa tudu, amma tudun da mota za ta iya isa ko da ruwa ya cika, ba wanda shi ma ambaliyar za ta yanke ba. Abu na uku shi ne halin ruwan wurin. A tambayi mutanen gari inda ruwa ya kai a 2010, a kuma tuna cewa a 2018 ruwan madatsar Gwaranyo ya ragu har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. Mashayar kirki ita ce wadda ke da lungun da igiyar ruwa ba ta bugu, da gangare mai ƙasa mai tauri inda za a iya jawo jirgi, da sararin matsar da turke sama ko ƙasa.

Abu na huɗu shi ne inji, wanda hukuncinsa ɗaya ne ko ina jirgi ya kwana. Idan jirgi na mashaya, a ɗaga ƙafar injin daga ruwa bayan aiki, in da hali a kwance shi a kai gida. Idan za a ajiye shi na watanni, a tsiyaye fetur daga kafireta, a duba man giya, in ya yi fari kamar nono to ruwa ya shiga, a jingine shi a tsaye a ɗaki. Kada a tayar da shi a tudu ba ruwa don gwaji, domin famfon da ke sanyaya shi na roba ne, yana ƙonewa nan da nan. Laka da rairayi ma suna cin wannan famfo, shi ya sa ba a son a kutsa da inji cikin ruwa maras zurfi.

Abu na biyar, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne mutum. Wa zai kwarfe ruwa bayan hadarin dare? Wa zai sassauta igiya idan an buɗe madatsa? Wa zai ce wannan jirgi ba zai ɗauki kowa ba sai an gyara shi? Mai gadin ofis yana hana sata, amma bai san jirgi na mutuwa a gabansa ba. Ɗan abin da za a ba Sarkin Ruwa ko wani amintaccen masunci don lura da jirgi bai kai kuɗin sabon katako ba.

Abin da ke Cikin Haɗari

Maganar ba ta tsaya ga dukiya ba. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse a Kwara kusa da Wara a Jihar Kabi. A watan Afrilu na 2022 mutum 29, mafi yawansu yara da matasa, suka rasu a Gidan Magana cikin Ƙaramar Hukumar Shagari. A watan Agusta na 2025 jirgin da ke ɗauke da mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Gwaranyo ya kife. Allah Ya jiƙansu. Dalilan da hukumomi suka fi ambata bayan irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da kima, da tsufan jirage, da rashin rigar ceto. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana da dokokin da suka hana tafiyar dare suka kuma wajabta sa rigar ceto.

Sai dai doka tana bukatar wurin da za a tsaya a zartar da ita, wurin kuwa shi ne mashaya. Inda jirage ke da makwanci sananne da mai lura da su, nan ne za a iya duba jikin jirgi kafin damina, a ƙidaya masu shiga, a rataye rigunan ceto a rumfa maimakon a kulle su a sito a cikin birni. Jirgin da ya tsufa kafin lokacinsa, sau da yawa rani ne ya tsufar da shi a inda aka yasar da shi.

Kammalawa

Mun ga cewa magabatanmu na bakin Rima sun san jirgi na rayuwa ko mutuwa ne a lokacin hutunsa, kuma sun ba shi makwanci gwargwadon halin icce da halin gulbi. Madatsun ruwa sun sauya gulbin, inji da faiba sun sauya jirgin, amma bukatar mai lura tana nan yadda take.

Ina ba da shawara ga ƙananan hukumomin da ke bakin gulbi da su gina rumfa da ɗan ɗakin ajiyar inji a manyan mashayu, su damƙa makullin ga Sarkin Ruwa, su kuma nemi masu kula da madatsun ruwa su riƙa sanar da shi kafin a buɗe ƙofa. Duk jirgin da gwamnati za ta raba, a fara tambayar inda zai kwana kafin a yi bikin miƙa shi. Malaman makaranta kuwa, ina roƙon ku tura ɗalibanku wurin dattawan Sarkawa su rubuto sunayen mashayu da gurabe na garuruwansu, da inda ake nutsar da jirage a da, da alamomin da ake gane tashin gulbi da su. Waɗanda suka san wannan suna ƙarewa, dattijon da ya yi mini nasiha ma ya daɗe da rasuwa. Idan aka tattara abin da suka sani aka kawo wa Hukumar Tarihi da Al'adu, na baya za su samu abin dubawa.

Allah Ya kiyaye masu shiga ruwa da masu fitar da su, Ya sa mu dace. Amin.